Garin da Baba Ya Kafa a Kwamfuta

Akwai wani gem na kwamfuta da na daɗe ina bugawa. Ana ba mutum ɗan ƙaramin gari na zamanin dā, da manoma kaɗan da 'yan dakaru, a ce ya raine shi har ya zama daula. Kai ne sarki, kai ne ma'aji, kai ne sarkin noma. Kowane zagaye shekara ɗaya ce: ka ba da umarni, ka danna, shekara ta wuce, ka ga abin da umarninka ya jawo maka. Ba cika baki ba, na iya shi. Na kuma san cewa duk wahalarsa a shekarun farko take. Wanda ya tsallake su da ransa, sauran wasan shan shayi ne.

A Sabon Gari na koye shi, a shagon wani abokina da ke sayar da tsofaffin kwamfutoci da kayan gyaransu. Ibo ne, Kirista, iyayensa daga kudu suka zo, amma a nan aka yanke masa cibiya, kuma in ana musu Hausarsa ta fi tawa gudu. Shi ya fara sa min gem ɗin, amma ba a jima ba na wuce shi, na dawo ina koya masa. Mutum ne mai gaggawa, da an ba shi gari sai ya tara mayaƙa ya tafi cin maƙwabta, ya bar mutanensa da yunwa. Na sha gaya masa cewa ciki ake fara cikawa: gonaki da rumbu tukuna, sannan ganuwa, sauran abubuwa su biyo baya. Ranar Asabar in na taso daga gidana a Kwaciri, can nake yini, muna bugawa muna zagin juna, yana korar masu ciniki da hannu ɗaya.

Wannan duk a ɓoye nake yinsa. Magidanci da iyali, ma'aikacin ofis, a ce yana zuwa Sabon Gari buga gem, ba magana ce mai daɗin ji ba. Matata ta sani, tana yi min dariya. Amma mun yi da ita cewa maganar ba za ta taɓa isa Rijiyar Lemo ba, gidan iyayenta.

Mahaifinta ɗan kasuwa ne a Kwari, dilolin atamfa da shadda yake sayarwa sari. Kakanninsa daga Borno suka zo, amma shi bai san wani gida ba sai Fagge. Kowa Alhaji yake ce masa, ni kuwa Baba. Tun da na auri 'yarsa, tsakanina da shi sai abin da aka san suruki da shi. Tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi. In durƙusa nesa, kaina a ƙasa, in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, ya tambayi aiki, in ce alhamdu lillahi, shi ke nan. Ban taɓa cin ko da dabino a gabansa ba. In ya hango ni a layi, sai ya ga wani abu mai muhimmanci a ɗaya ɓangaren titi, ni ma in ga nawa. Ba ƙiyayya ba ce, ina jin ma babu wanda nake girmamawa kamarsa. Haka kawai ake yi, kuma ni da shi mun iya yinsa sosai.

Sai ciwo ya same shi a shago, wata rana da hantsi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya taimaka aka kai shi asibiti da wuri. Magana ta dawo, ƙafa ta fara takawa da sanda, hannun dama lafiya lau. Amma ya zauna a gida, 'ya'yansa maza biyu, ƙannen matata, suka riƙe shagon. Ya tara su ya ce riƙon ƙwarya ne. Kafin a fara odar kayan azumi zai duba kansa: in ya ga zai iya, ya koma kasuwa, in ya ga ba zai iya ba, ya miƙa musu gaba ɗaya. Duk wanda ya san shi ya san shagon nan shi ne ransa. Tun yana saurayi yake ɗaukar dila a ka a wannan layin.

Likitan da ke yi masa gashi ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa hannu da tunani, kada ya yi ta zama yana kallon silin. Matata tana wurin. Har yau ban san me ya shiga kanta ba, ta buɗe baki ta ce ai maigidanta yana da wani wasa na kafa gari. Da ta dawo ta gaya min, sai da na ajiye cokali.

"Kin gaya wa Baba ina buga gem?"

"Yallaɓai, ai lada za ka samu," in ji ta, tana ƙunshe dariya. "Ya ce ka zo da shi ranar Asabar bayan la'asar."

Na je da kwamfutar a jaka kamar mai ɗauke da kayan sata. Yana falo a kan kujera, sandarsa a jingine. Na gaishe shi, na jawo ɗan teburi gabansa, na ɗora kwamfutar, ni kuma na durƙusa a gefe kan kafet, inda zan iya ganin allon ba tare da na ga fuskarsa ba.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana, "an ce kai ne sarkin wannan abu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce a'a, ɗan taɓawa dai nake yi.

Nuna masa inda ake dannawa bai zame min wahala ba, don wannan hidima ce, kamar miƙa buta. Ya kama maus ɗin da sauri fiye da yadda na zata. Na nuna masa garin, da kogin da ya ratsa gefensa, da akwatin da ke nuna dukiya, da wanda ke nuna abinci. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon taswirar. Can ya nuna wani wuri da yatsa.

"Nan hanya biyu suka haɗu. Mahaɗa ce. Duk inda ka ga haka, kasuwa ake kafawa."

Ya kwashe duk abin da ke baitulmali ya gina kasuwa. Na san abin da zai biyo baya kamar yadda na san hanyar gidana. Kasuwa a wannan wasan tana jawo jama'a, jama'a kuma ci suke yi. In babu gonaki, cikin 'yan shekaru abincin zai ƙare. Kuma kasuwar da babu ganuwa tallar kanta take yi wa maƙwabta. Duk wannan yana bakina, amma abin da ya fito shi ne, "Haka ne, Baba."

Ba a jima ba jakadan wani sarki ya bayyana a allo yana neman kyauta. A farkon wasa akwai maƙwabci ɗaya mai ƙarfi da ya kamata ka lallaɓa, ka yi sulhu da shi ko da za ka ji zafi. Sauran kuwa in ka ba su sau ɗaya, sun gane kai mai laushi ne, kowace shekara za su dawo da buƙatar da ta fi ta bara. Wannan jakadan na ƙananan ne. Baba ya ce, "Baƙo ne, a ba shi. Wanda za ka yi hulɗa da shi ba ka fara masa da hani." Na ce gaskiya ne.

Kafin a kira magariba garin ya mutu. Yunwa ta fara, mutane suka yi bore, dakarun wancan sarkin da aka yi wa kyauta suka shigo ta inda babu ganuwa. Allon ya nuna hayaƙi. Baba ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"To," ya ce. "Ka bar min ita, ka dawo mu sake."

Na yi ta dawowa. Daga Asabar kaɗai ya koma har da ranakun aiki, in na tashi daga ofis. Kullum da sabuwar dabara yake tarbata, don in ba na nan yana zaune yana tunani. Wata rana ya ce kuskurensa kasuwa ɗaya ya gina, ya kamata a yi biyu. Wata rana ya kafa gari na biyu tun na farko bai tsaya da ƙafarsa ba, ya ce haka ake buɗe reshe, kada a jira wani ya riga ka wuri. Sai dukiyar ta rabu biyu, garuruwan suka mutu tare. Abin da ya fi damuna shi ne duk dabarun nan masu kyau ne. Tunanin ɗan kasuwa ne tsaf, mai lissafi, babu inda ya karkace. A Kwari da su ya gina gida ya aurar da 'ya'ya. Wasan ne kawai ba a gina shi a kan Kwari ba.

Na gwada zagaye-zagaye, irin wanda ake yi wa manya. Na ce, ina kallon kafet, "Baba, na ga kamar wasu da gona suke farawa."

"Wasu su wa?"

"Masu yin wasan."

"Manomi ai kasuwa yake nema ya kai hatsinsa," in ji shi. "In akwai kasuwa, hatsi da ƙafarsa zai zo. Ka taɓa ganin gona a Fagge? Ka kuma taɓa ganin hatsi ya yanke?"

Ban taɓa gani ba. Na ce haka ne, Baba. Ya gina kasuwarsa.

Wata rana bayan garin ya sake ƙonewa, ya jingina da kujera. Sannan ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko mutane suna wuce wannan wurin da yake maƙalewa. Na ce suna wucewa.

"Har yara?"

Ƙarya ba ta zo min ba, gaskiyar da za ta yi amfani ma ba ta zo ba. Na ce, "Wasunsu, Baba." Ya gyaɗa kai, ya rufe kwamfutar da kansa.

Washegari matata ta dawo daga gidansu babu dariya a fuskarta. Ta ce Hajiya, mahaifiyarta, ta ja ta ɗaki ta gaya mata abin da Baba ya ce bayan fitata. Wai ciwon nan ba hannu da ƙafa kaɗai ya taɓa ba, ya ci wani abu a kansa wanda likitoci ba su gani ba. Wai garin ƙarya na cikin kwamfuta, wanda yara ke riƙewa, ya kasa riƙewa, to ina zai iya da shagon da dukiyar mutane ke ciki. Ashe tun ranar farko ba wasa yake yi ba, gwada kansa yake.

Na ce mata kansa lafiya lau yake, ya ma fi nawa, ƙa'idar wasan ce kawai ba a gaya masa ba.

"To wa zai gaya masa? Ba kai ke zaune kusa da shi ba?"

"In ce wa Baba ba haka ake yi ba? Ke ki gaya masa mana, ai mahaifinki ne."

"Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya kira," ta ce. "Kuma ni na san gona daga rumbu a cikin abin nan naku? In na je na ce kaza, zai tambaye ni dalili, in tsaya ina kallonsa. Kai ka iya, kai za ka faɗa."

Ƙannenta kuwa suna kasuwa tun safe har magariba, kuma, Allah ya yafe min in zato ne, ban ga alamar suna gaggawar ya dawo ba.

Na ɗaura niyya. A cikin adaidaita sahu, tun daga Kwaciri har Rijiyar Lemo, ina ta maimaita jimlar a raina, ina sassaƙe ta don ta yi laushi. Baba, da za a fara da gona, da an ga bambanci, don ƙa'idar wasan haka take. Babu kalmar kuskure a ciki, babu ko "kai". Har direban ya waiwayo ya tambaye ni ko da shi nake.

Na shiga, na gaishe shi, na durƙusa a wurina. Ya buɗe sabon gari. Na ga kibiyar maus tana tafiya a hankali zuwa mahaɗar hanyoyin nan. Na yi gyaran murya. Sai ya tsaya, ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi.

"Ko akwai magana, Malam?"

Kallon nan ne ya kashe ni. Da bango yake kallo kamar kullum, ina jin da na faɗa. Amma fuskarsa na gani, gefe ɗaya ya ɗan sauka, yana jira. Na ji kamar an ce in tuɓe riga a gabansa.

"Babu, Baba."

Ya danna. Na zauna ina kallon mutanen garin nan suna taruwa a kasuwa, na san yunwa ce za ta kashe su, na kuma san abin da kowace mutuwarsu ke gaya wa dattijon da ke kan kujera. Kunya iri biyu ce ta haɗu a kaina ranar. Wadda aka koya min tun ina yaro, ita ta rufe min baki. Ɗayar kuwa ta abin da ta farkon ke sa ni aikatawa ce, kuma ita ta raka ni har gida.

Ranar Asabar na tafi Sabon Gari na zayyana wa abokina komai. Ya yi dariya har da dukan kanta, sai da ya ga ban taya shi ba ya tsaya.

"Ku dai wata rana da ladabi za ku kashe mutum," ya ce. "Ni fa in surukina ya yi shirme, a teburi nake gaya masa, ya zage ni, mu ci abinci. Kai ni wurinsa. Ni ai ba 'yarsa nake aure ba."

Sai dai washegari zai tafi garinsu jana'izar kawunsa, kuma tasu jana'izar ba ta yini ɗaya ba ce. Ya ce da ya dawo zai neme ni. Abin da na ji a raina lokacin sauƙi ne, kuma ba na jin daɗin tuna hakan. Na sami wanda zan jira. Na ci gaba da zuwa Rijiyar Lemo ina cewa haka ne, Baba, da zuciya mai ɗan sanyi, kamar wanda ya riga ya aika a kira likita. Baba kuwa ya fara cewa ya gaji. Wani lokaci in tarar da kwamfutar a rufe an ɗora mata carbi, mu gaisa, in ɗan zauna, in tashi.

Da abokina ya dawo, ranar Asabar da azahar na ɗauko shi. Ya tsaya a hanya ya sayi lemo da kankana. Ya cire takalmi a inda ya ga na cire, ya yi gaisuwa mai kyau, ya yi wa Baba ya jiki. Daga nan kuma sai ya miƙe ya zauna a kan kujerar da ke manne da ta Baba, ya miƙe ƙafa. Da aka kawo shinkafa da wake ya ja faranti ya hau ci, yana yaba manjan. Ni ina ƙasa ina kallon ikon Allah. Baba bai ji komai ba, ya saba da abokan ciniki 'yan kudu, har ya jefa masa gaisuwa ɗaya da yarensu.

"Alhaji, an ce kana gina gari. Mu gani."

Baba ya ce ai shi ya daina wannan wasan, ba na irinsa ba ne. Abokina ya riga ya ɗauke carbin da hannu biyu ya miƙa masa, ya buɗe kwamfutar. Don kada ya kunyata baƙo, Baba ya sa tabarau. Kibiya ta kama hanyar mahaɗa.

"Haba Alhaji!" Abokina ya daki gwiwarsa. "Kasuwa tun yanzu? Mutanen me za su ci, atamfa?"

Na runtse ido. Sai na ji wani sauti da ban ji ba tun kafin ciwon. Baba ne ke dariya, gefen bakinsa ɗaya yana bin ɗayan a baya. Ya kawo hujjarsa ta Fagge da hatsin da ke zuwa da ƙafarsa.

"Wannan a Kano ne," in ji abokina. "A nan babu motar hatsi da za ta taso daga kasuwar Dawanau. Kwamfuta ba ta san da wannan ba. Abin da garinka ya noma, shi kaɗai zai ci. In bai noma ba ya mutu, ko kasuwa goma ka gina."

Baba ya daina dariya. "Wato ƙa'idar wasan ce haka? Ba a shigo da abinci daga waje?"

"Sai can gaba, in ka yi ƙarfi. Da farko babu."

"To ai sai a gaya wa mutum ƙa'ida," Baba ya ce.

Abin da ya biyo baya na kalle shi kamar mai kallon ɗinki ana warware shi. Ya shimfiɗa gonaki a bakin kogi, ya gina rumbu. Ya fara jefo tambayoyi, ɗaya kan ɗaya, irin na mutumin da ya saba juya kaya kafin ya saya. In an tara hatsi yana lalacewa? Ganuwa tana cin kuɗin gyara? Da abokina ya ce a zagaye garin da ganuwa, Baba ya ce a'a, kogi ya tsare gabas, ɓangare uku za a yi, a ajiye sauran. Da jakadan nan ya bayyana, abokina ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya. Wannan in na ba shi, baɗi ma zai dawo?"

"Da ƙari."

"Ashe ba baƙo ba ne, ɗan na-goro ne. Mun san irinsu." Ya sallame shi hannu wofi, ya aika mahayi ɗaya ya zagaya ya gano wane ne babba a cikin maƙwabtan, ya tura wa wannan kyauta tun bai roƙa ba.

Shekarar da garin ya saba mutuwa ta zo ta wuce, rumbu a cike. Sai a lokacin ya gina kasuwarsa, a mahaɗar nan dai da ya nuna tun ranar farko, dukiya ta fara shigowa kamar an buɗe famfo. Hajiya ta leƙo daga ƙofa don jin hayaniyar, ta ga mijinta ya tura hula ƙeya yana musu da Ibo a kan haraji, ta koma da sauri tana share ido. Ni ma murna nake yi, wallahi murna nake yi, har na manta kaina na ce a ƙara gona ɗaya a arewa. Babu wanda ya lura.

La'asar ta yi sanyi abokina ya miƙe zai koma shago. Baba ya riƙe hannunsa yana ta sa masa albarka, ya ce Allah ne ya kawo shi, ya ce shi malami ne na gaske.

"Ni?" Abokina ya yi dariya, ya nuna ni da haɓa. "Alhaji, duk abin da na gaya maka yau a bakin surukinka na ji. Shi ya koya min. Shi ne oganmu."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabona yake yi. Na raka shi bakin titi, na tsayar masa da adaidaita sahu, na daɗe a tsaye bayan ta tafi. Da akwai yadda zan wuce gida ba tare da na yi sallama ba, da na wuce.

Na koma na durƙusa. Allon ya yi duhu don an daɗe ba a taɓa shi ba. Baba yana kallon bango.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Tun ranar farko ka san da maganar gonar nan?"

"Na sani, Baba."

"Da ta jakadan?"

"Da ita."

Ina jin masu adaidaita suna ta hon a titi, ina jin Hajiya tana kwashe kwanuka a tsakar gida. Na jira faɗa, har addu'a nake yi ya yi min faɗa.

"Jiya bayan sallar Juma'a," ya ce, "na kira yaran nan, da ƙanena, da maƙwabtana biyu na kasuwa. Na gaya musu kaina ba ya riƙe abu kamar dā. Na miƙa musu shagon. Ban riga na gaya wa mata ba."

Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa yi masa ita ce ta ranar. Na ce kansa lafiya yake, shi ma ya gani yau, ni ma shaida ne tun farko, babu dabararsa ɗaya da ba ta hankali ba. Na ce ai kwana ɗaya ne kawai, ana iya sake kiransu, a ce an sake shawara.

"Abin da aka shafa wa fatiha a gaban mutane?" ya ce. "In koma in ce wa 'ya'yana su ba ni, wasa nake yi? Sannan ne za a tabbata kan ya taɓu."

Na ce ya yafe min. Na sake maimaitawa.

"Ba ka yi laifi ba, Malam. Yadda aka tarbiyyantar da kai ka yi. Saboda wannan halin na ba ka auren yarinyar nan."

Da ya ɗaga sandar nan ya sauke min a baya, da ya fi min sauƙi. Ya gyara tabarau, ya jawo teburin kusa da shi da hannunsa mai lafiya, ya taɓa maus ɗin, allon bai farka ba.

"Taso mana da kwamfutar mu ci gaba," ya ce. "Yanzu ai lokaci gare ni."